Ƙwai goma a rana da gudu cikin rigar leda: yadda rage tumbi ya kai ni gadon asibiti

Ƙannena samari, ku da nake gani kullum bayan sallar asuba kuna zagaye filin ƙwallon firamare, wasunku har da rigar leda a jiki wai don gumi ya fito da yawa, ku nake yi wa wannan rubutun, don wallahi duk abin da kuke yi na riga ku yin sa kuma na sha wuyarsa ba kaɗan ba.

Ni a wani ƙauye nake tsakanin Ringim da Gujungu, shagon tireda gare ni da ɗan POS a gefe, in kaka ta yi kuma ina taɓa sayen riɗi da zoɓo. To kun dai san zaman shago, daga benci sai kujera, da safe shayi da biredi da indomi, da rana shinkafa da mai da yaji, lemon kwalba kuwa tunda a firjina yake ba na ma sa shi a lissafi, da dare a kawo tuwon dawa malmala uku in share in kora da fura. Noman da nake yi da hannuna a da, yanzu 'yan ƙwadago nake sawa ni ina gindin maina ina amsa waya. Ban san inda na kai ba sai ranar da muke awon riɗi na hau sikelin da wasa, allura ta tafi ta tsaya a kilo 97, yaran da ke ɗinke buhuna suka tuntsire da dariya, ɗaya ya ce Alhaji ai saura ƙiris ka cika buhu. Nima na yi dariyar amma har na kwanta maganar tana cina.

A daren na shiga TikTok da YouTube, na yi ta kallon wasu ƙarti masu ƙirji kamar ƙyauren zaure suna cewa a yawaita cin furotin, wato sinadarin gina jiki irin na nama da ƙwai, a rage sitaci irin su tuwo da shinkafa, a motsa jiki. Maganarsu ba ƙarya ba ce gaba ɗaya, matsalar ni ce, na ɗauki rabi na bar rabi. An ce a rage, ni kuma na ji a daina. Washegari na ce wa uwargida daga yau kar a ƙara zuba min tuwo, ba shinkafa, ba fura, ba kunu, ba dankali, ba rogo. Ta dube ni ta ce Malam lafiya kuwa, ko wani abu na yi? Innarmu ma da labari ya kai mata, da yake ni ne ɗan fari ba ta kama sunana, cewa ta yi kai wannan, mutum da lafiyarsa ya ƙi tuwo, to me zai riƙe maka ciki? Na ce Inna ba za ki gane ba ne, ilimin zamani ne. Allah Ya yafe min.

Abincina ya koma ƙwai goma a rana, biyar safe biyar dare, kireti guda kwana uku ya ƙare, da rana kuma balangu ko tsire, ranar Lahadi in na je kasuwar Gujungu in yo guzurin kilishi. Ga gudu bayan asuba da ciki wayam, sai kuma na ƙara wani bayan la'asar, a watan Afrilu fa, lokacin da zafin garinmu ke haura digiri 40, kuma cikin rigar ruwa ta leda da na saya takanas.

Sati na farko sikeli ya nuna kilo 4 sun tafi. Zo ku ga murna, har a majalisa nake ba da fatawa. Abin da ban sani ba shi ne mafi yawan abin da ya tafi ba kitse ba ne, ruwa ne. Jiki yana da wata ajiya ta sukari a cikin tsoka da hanta, gilaikojin ake ce mata, daga tuwo da shinkafa da dankali ake tara ta, kuma kowane giram ɗaya nata yana riƙe da ruwa kamar giram 3. Da ka yanke sitaci wannan ajiyar ce ke fara ƙarewa ta tafi da ruwanta, ka yi ta fitsari, sikeli ya sauka, kai kana zaton teɓa ce ke narkewa alhali tana nan inda ka bar ta. Kuma abin haushin, wannan ajiyar ita ce man da tsoka ta fi ƙonawa in kana gudu ko wani aiki mai ƙarfi. Wato na tsiyaye tankin babur sannan na ce sai ya kai ni Kano.

Daga sati na biyu ne abubuwa suka fara taɓarɓarewa. In na ɗago daga ruku'u sai in ga duhu-duhu, ƙafafuna kamar an ɗaura musu bulo, ga saurin fushi, yaro ya zo sayen magin naira hamsin in hau shi da faɗa. Bayan gida kuwa sai in kwana uku ban zaga ba, don nama da ƙwai ba su da harza ko kaɗan, dusar hatsi da wake da ganye su ne ke tura ciki kuma duk na kore su, har basir ɗin da na manta da shi ya dawo. Bakina ma wani wari ya riƙa yi wanda asuwaki bai iya masa ba, uwargida ce kawai ta iya faɗa min.

Amma wautar da ta fi kowacce ita ce ta ruwa. Na lura in na sha ruwa sikeli yana ɗan hawa, sai na rage sha. Ku duba fa, mai cin furotin da yawa ya fi kowa buƙatar ruwa, don abin da ya rage bayan jiki ya sarrafa shi ƙoda ce ke tace shi ta fitar ta fitsari. Ni kuma ga nama, ga gumi cikin leda, ga ƙishirwa da gangan. Da jiki ya ɗauki ciwo sai na je kemis aka haɗa min ƙwayoyi, cikinsu akwai Diclofenac da Ibuprofen, ina afa su safe da dare don in samu in ci gaba da gudu.

A sati na uku, wata Talata da yamma, na fita ta burtalin da ya bi bayan gari, ban fi tafiyar minti 20 ba na ji ƙasa tana juyawa, ban sake sanin komai ba sai ji na yi ana yayyafa min ruwa. Wani dattijo mai amalanken shanu da ya ɗauko taki shi ya tsince ni, a kan amalanken nan aka shigo da ni gari ina kwance cikin rigar leda yara suna bi, ku dai ku bari kawai. A asibiti da aka ce in kawo fitsari ni kaina sai da na tsorata, kalarsa kamar baƙin shayi. Aka ɗaura min ƙarin ruwa, aka ɗebi jini don duba ƙoda, na kwana biyu. Ana cewa garin neman ƙiba an samo rama, to ni ramar na fita nema na samo jinya.

Malamin asibitin da ya duba ni, yaro ne ma ban kai shi karatu ba amma na girme shi, ya zauna bakin gadon ya ce Alhaji ka gode wa Allah, abu uku ka haɗa wa ƙodarka lokaci guda, rashin ruwa da irin waɗannan magungunan ciwon jiki da wahalar da tsoka fiye da ƙima. Ya ce in tsoka ta jigata sosai tana iya farfashewa, abin da ke cikinta ya shiga jini ya je ya toshe matatar ƙoda, kuma baƙin fitsari bayan atisaye alama ce da ba a kwana da ita a gida. Mu da muke jin yadda ciwon ƙoda ke addabar mutane a yankin Haɗejia har zuwa Gashuwa, jikina ya yi sanyi. Alhamdulillahi gwajin da aka maimaita daga baya ya nuna ta dawo daidai. Ya kuma ja min kunne cewa mai lafiyayyar ƙoda ƙarin furotin ba ya cutar da shi, amma wanda tasa ta riga ta taɓu, ko mai ciwon suga ko hawan jini, kar ya kuskura ya fara sai an gwada shi an ba shi izini. Da yawanmu kuma muna yawo da hawan jinin ba mu sani ba.

Sai da na yi wata guda ina hutawa kafin na sake farawa, wannan karon da lissafi. Mutumin da ba ya wani motsa jiki, giram 0.8 na furotin kan kowane kilo na nauyinsa ya ishe shi a rana. Mai rage ƙiba yana atisaye kuma ana so ya samu kamar 1.2 zuwa 1.6, saboda in kana cin ƙasa da abin da jiki ke ƙonawa ba kitse kaɗai yake ci ba, har tsoka yana gutsira, furotin da ɗaga nauyi su ke kare ta, ga shi kuma yana daɗewa a ciki ba ka saurin jin yunwa. Ni na yi lissafi da kilo 80 da nake son komawa, ya kama giram 96 zuwa 128. Ƙwai ɗaya giram 6 ne kacal, kun ga in da ƙwai zan cike sai na ci wajen 20 a rana, wa ke da wannan kuɗin a wannan marrar?

Nan na gane ashe abin yana cikin rumbunmu ina ta kai kuɗina wa mai tsire. Ɗanyen wake giram 100 yana da furotin sama da giram 20, waken suya ya haura 30, shi ya sa awarar da muke rainawa muna cewa abincin 'yan mata ce ta fi ƙarfin raini. Ga kindirmo da nono daga rugar da ke bayan garinmu, ga busasshen kifin Haɗejia a miya, ga alale, ga fara in lokacinta ya zo, ga ƙuli-ƙuli a kwaɗon zogale. Kuma wake in ya haɗu da hatsi suna cike wa juna giɓi, abin da ya yi ƙaranci a furotin ɗin gero ko shinkafa akwai shi a wake, wato garau-garau da dawa da wake da iyayenmu ke ci su wuni a gona ba a banza ba ne. Sai dai ni yanzu waken ke rinjaye, shinkafar 'yar kaɗan.

Inda za ku yi hattara shi ne mai. Kalori shi ne ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki, giram ɗaya na furotin ko sitaci kalori 4 ne, na mai kuwa 9, babban cokali guda na man gyaɗa ya kai kalori 120. Awarar da aka soya ta sha mai sannan aka sake tsoma ta a ƙwai aka kuma soyawa, ko balangu mai kitse yana naso a takarda, ko gyaɗa da kusan rabinta mai ne ka zauna ka cinye gwangwani guda kana hira, duk za ka ce ai furotin nake ci amma tumbi ko gezau. Uwargida yanzu a miya take saka min awarar ko ta gasa ta sama-sama. Lemon kwalba kuwa shi kaɗai na yi wa saki uku, roba ɗaya ta rabin lita sukarin da ke ciki ya kai giram 50.

Tuwo ya dawo, amma malmala ɗaya da miya mai yawa, kuka ko kuɓewa da kifi. Kafin in fita da safe ina shan ruwa kofi biyu in ci dabino uku ko rabin kofin koko, in na dawo ƙwai biyu da kindirmo ba sukari, ko alale. Gudu na ajiye shi tukuna, mai kilo casa'in da wani abu in ya ce zai fara da gudu gwiwoyinsa ne za su biya bashin. Tafiya nake da sauri ta minti 30 zuwa 40, irin wadda za ka iya magana amma ba za ka iya rera waƙa ba, kwana biyar a sati, wanda ya yi daidai da minti 150 da Hukumar Lafiya ta Duniya ke cewa babba ya samu a sati, tare da aikin ƙarfafa tsoka aƙalla kwana biyu. Na wannan ba sai ka je gidan motsa jiki a Dutse ko Kano ba, jarka biyu na cika da ruwa ina ɗauka daga rijiyar burtsatse zuwa gida, ina tashi-tsuguna, ina dafa ƙasa ina ɗaga jiki, kuma in na yi yau gobe hutu, don a lokacin hutu da barci ne tsoka ke ginuwa. Da damina ma na karɓi fartanya na koma cikin kunyoyin gona tare da 'yan ƙwadagon, ranar da na yi noma ba na ƙara wani atisaye a kai. In ina azumin Litinin ko Alhamis kuma sai bayan na sha ruwa nake motsawa. Fitsarina nake dubawa, in ya yi duhu na san ban sha ruwa isasshe ba.

Ƙannena mata, na san ku ma kuna ciki, musamman masu shirin biki da ake sayar muku da shayin rage tumbi a WhatsApp, yawancinsa gudawa kawai yake sawa, ruwan jikinki ne ke zuba. Mai juna biyu ko mai shayarwa kuwa wannan tsarin ba nata ba ne sam, ta bi abin da aka faɗa mata a wajen awo.

Rabin kilo zuwa kilo ɗaya a sati shi ne saukar da ake so, wani satin ma sikeli ba ya motsi ko kaɗan, sai tazugen wando ne zai faɗa maka gaskiya. Ni sai da na yi wata tara kafin na ga kilo 84, kuma har yau ban kai 80 ɗin ba, bikin ƙanwata da aka yi bayan babbar sallah ma ya mayar min da biyu. Innarmu ta ga ina cin tuwo da miyar kuka ranar nan ta ce kai wannan, ilimin zamanin ya ƙare ne? Rigar ledar kuwa tana nan, da ita nake rufe janareto in hadari ya taso.