Layi biyar da kalangu ɗaya

Ranar da na fara shiga aji a matsayin ɗan estaj, wato malami mai koyon aiki, alli na fara ɗauka. Na ja layi biyar a allo daga wannan gefe zuwa wancan, na zana mabuɗin sol, alamar da ake buɗe rubutun kiɗa da ita, a farkonsu, har sau biyu ina goge wutsiyarsa don ta fito da kyau. Yara tamanin da ɗoriya ne a gabana, 'yan ajin farko na kwaleji, huɗu huɗu a benci, a wata makaranta da ke nan cikin Maraɗi. Na dawo daga Yamai ke nan da shekara uku ta jami'a a kaina, ina ji da kaina ba kaɗan ba. Na iya solfej, ina karanta kiɗa a takarda kamar yadda ake karanta wasiƙa, hannuna ya faɗa a gita, piyano ma ba laifi.

Mako uku muka yi a kan layukan nan, awa ɗaya kowane mako. Do, re, mi, fa, sol, la, si. Har tarihin na ba su, cewa wani malamin coci ɗan Italiya mai suna Gido na Arezo ne ya kafa tushen waɗannan sunaye tun ƙarni na 11. Suka kwafe tsaf. Wasu 'yan matan har da jan biro suka yi wa mabuɗin ado, ka ce zanen lalle ne. A mako na huɗu na rubuta ɗan gajeren kiɗa na ce a tafa mini shi. Abin da ya fito ya fi kama da ƙanƙara a kan rufin kwano. Na sake ƙirga musu, aka sake ɓarewa. Ina cikin zufa sai na ji daga bencin baya wani yana kaɗa katako da yatsu, a hankali, kiɗa mai daɗi wanda bai da alaƙa da abin da ke allo. Na ce ya fito ya durƙusa. Har yau idan na tuna sai kunya ta kama ni: malamin kiɗa ya hukunta yaro ɗaya tilo da ya yi kiɗa a ajinsa.

Da aka tashi na tsayar da shi na tambaye shi inda ya koya. Ya ce gidansu gidan makaɗan mahauta ne, kakansa ke riƙe da kalangu. Ya faɗe shi ƙasa ƙasa yana duban ƙofa, kada abokansa su ji.

Ranar Lahadi da la'asar na bi shi har gida, can tsohon gari wajen gangaren gulbi. Na iske tsohon a zaure yana gyaran tsirkiyar kalangu, ya riƙe bakin igiyar fata da haƙori. Muka gaisa, na ce masa ni ne mushen jikansa, kiɗa nake koyarwa. Ya dube ni sama da ƙasa, ya ce, "Kai ɗan wane gida ne?" Na ce gidanmu 'yan kasuwa ne, a lakwal na koya. Bai ce komai ba, ya miƙo mini kalangun. Na rataya, na kama makaɗi, na zuba masa wani bugu da na tabbata lissafinsa bai da kuskure. Ya saurara har na gama, sannan ya ce, "To, ɗana, mi ka ce?" Na ce ban ce komai ba, Baba, kiɗa na yi. Ya ce, "Shi ya sa ban ji komi ba."

Ya karɓa ya saƙale a hammata. Ya bugi fatar a sake, sannan ya matse tsirkiya ya sake bugawa, murya ta tashi daga ƙasa ta hau sama. Ya ce wannan baba ne, mahaifi. Ya matse ya buga, ya saki ya buga: baba, uwa. Ya matse ya buga sau biyu bai saki ba: baba na marina, wanda ake rini da shi. Harufa huɗu ne iri ɗaya in ka rubuta su, amma ga su abu uku daban a bakin fatar akuya. Na san wannan a takarda, don an koya mana cewa Hausa harshe ne mai karin sauti, akwai na sama, akwai na ƙasa, akwai mai faɗowa. Har jarrabawa na ci a kai. Amma ban taɓa haɗa shi da hammatata ba. Ya ce na faɗi "sannu da zuwa" da baki sau goma, ina jin inda muryata ke hawa da inda take sauka, kafin ya yarda na taɓa makaɗi. A wurinsa abin da baki bai faɗa ba hannu ba ya kaɗa shi, kuma haka aka koya masa taken mahauta da na manoma da na kowace sana'a, magana ce aka fara ba shi kafin bugu.

Abin haushin, ba sabon abu ya gaya mini ba. A shekara ta biyu ta jami'a an karantar da mu hanyoyin koyar da kiɗa na manyan masana, na haddace su don jarrabawa na ajiye. Zoltan Kodai na ƙasar Hungari ya bi ƙauyuka tun 1905 yana ɗaukar waƙoƙin manoma, ya kuma tsaya a kan cewa yaro ya fara da rera waƙar garinsu kafin a ba shi wani kayan kiɗa. Karl Orf na Jamus da magana yake farawa, da sunayen yara da tafi da buga ƙafa, sannan a zo ga ganguna. Shinici Suzuki na Japan ya lura cewa babu yaron da ya kasa harshen uwarsa, kuma ba wanda aka fara koya wa karatu kafin magana, sai ya ce a bi da goge irin na Turawa ta wannan hanya, kunne tukuna, takarda daga baya. Duk na san wannan. Laifin nawa ne, na ɗauka labarin yaran Turai da Japan ake ba mu, ban ga cewa zauren tsohon nan ake kwatanta mini ba.

Mako na gaba ban taɓa alli ba. Na ce kowa ya rufe littafi, na kira 'yan mata shida gaba na ce su yi mini tafin gaɗa kamar yadda suke yi a dandali. Suka yi ta noƙewa suna dariya, sai ɗaya ta fara, sauran suka kama. Cikin minti ɗaya ga bugu uku yana tafiya a kan bugu biyu, abin da na sha wuya a kansa wata guda a gaban piyano, hannun dama na rigima da na hagu. Su ko a jikinsu. Na tambaye su lugude, yadda mata uku ke daka a turmi ɗaya taɓarya ba ta karo da taɓarya, na raba ajin gida uku, kowane rukuni taɓarya ɗaya, bencinsu ne turmi. Darakta ya leƙo ta taga don ya ɗauka faɗa ake yi.

Kayan kiɗan makarantar kuwa gita ɗaya ce mai tsirkiya huɗu maimakon shida, da ƙaramin piyanon lantarki da ba ya motsi sai in akwai wuta, da sarewar roba guda bakwai. A jami'a ana koya maka yadda za ka zaunar da yaro ɗaya ka gyara masa yatsu. Yadda za ka yi da tamanin a kan sarewa bakwai, wannan a aji kake gano shi. Muka tara ƙwarya da jarkokin mai da gwangwanin tumatir da aka zuba wa tsakuwa. Bakwai na busa, saura na riƙe musu bugu, bayan minti biyar a wanke bakin sarewa a juya. Na kuma koyi abin da ba ya cikin kowane darasi, wato yanayi. Da hunturu fatar ganga takan ɗaure har ta nemi tsagewa, katakon gita ya bushe, ƙura ta shige ƙarƙashin maɓallan piyano. Da damina fatar ta saki, muryar ta mutu, sai an shanya ta a rana kafin a shiga aji. Malamin kiɗa a Maraɗi rabinsa mai gyara ne.

Wanda ya fi ba ni wuya ba kayan aiki ba ne. Wata safiya wani dattijo ya zo har ƙofar aji, da carbi a hannu, ya yi sallama cikin mutunci. Ya ce, "Mushe, lakwal na kawo yaron nan, ban kawo shi roƙo ba. A gidanmu ba a kiɗa." Magana biyu ce ya haɗa a ɗaya. Akwai ta gado, domin a ƙasar Hausa kiɗa sana'ar gida ce kamar ƙira da fawa da wanzanci, kuma an saba haɗa makaɗi da maroƙi, ana jin daɗinsa ranar biki ana hana shi 'ya ranar neman aure. Akwai kuma ta addini. Ni da ƙuruciya ta ɗebe ni sai na shiga jayayya, ina kawo masa misalin tamburan fada da mandiri. Ya bar ni na gama, ya ce, "Alhamdu lillahi, ashe malamin fiƙihu aka kawo muna." Ya juya ya tafi. Ban ci wannan muhawara ba, kuma bai kamata na fara ta ba. Daga baya na je gidansa na ba shi haƙuri, na gaya masa abin da muke yi ƙirga ne da saurare da haɗa hannu da mutane, ba ma zuwa biki, ba ma karɓar kuɗin kowa. Ya yarda yaron ya zauna a aji ya riƙa ƙirga wa 'yan uwansa, amma ba zai taɓa ganga ba. A haka muka ƙare shekara. Ina ganin yaron ya yi asara, don yana da kunne, sai dai ɗan mutum ne, ba nawa ba.

Jikan Baba kuma nasa ciwon daban ne. Shi da ya fi kowa iyawa shi ya fi kowa ɓoyewa, saboda "ɗan makaɗa" zagi ne a filin makaranta. Ranar da na sa shi gaban aji na zauna a bencinsa, ya gyara mini riƙon makaɗi a gaban kowa, ajin ya yi tsit. Na ba su labarin Malam Maman Barka, wanda shi ma malamin makaranta ne kafin a san shi da gurmi. A 2002 ya tafi yankin Tafkin Cadi ya zauna gaban tsoho Bukar Tar, ya koyi biram, kayan kiɗan masuntan Buduma mai tsirkiya biyar da siffar kwalekwale, a lokacin da ya kusa ɓacewa. Ya zagaya da shi ƙasashen duniya kafin rasuwarsa a 2018. Na gaya musu a Yamai akwai cibiyar horar da makaɗa mai sunan Alhaji Taya tun 1989, da ɗakin da aka adana kayan kiɗan ƙabilun Nijar, a Tawa kuma akwai gasar ƙasa da aka sa wa sunan Ɗan Gurmu. Ban sani ba ko labarin ya shige su. Abin da na gani dai, an daina kiran yaron da wancan suna a gabana.

Kada a ce na zubar da takarda. A watan Yunin 2023 aka canza taken ƙasa, da aka koma makaranta kowa na rera shi yadda ya tsinta a rediyo ko a waya, wani ya ja nan, wani ya gutsure can. Rubutaccen kiɗan ne ya raba gardama, da shi na zauna na fitar da muryar daidai, na koya wa aji aji. Ranar na gode wa malaman solfej ɗina da na riƙa ƙorafi a kansu. Takarda tana riƙe abu ba ya gurɓata, tana kai shi inda mai shi bai taɓa zuwa ba. Amma tana da iyaka. Piyano ya yanka tsakanin do da do gida goma sha biyu daidai wa daida, goge kuwa tsirkiyarsa ɗaya ta izgar doki, babu wani tsani a wuyansa, mai shi yana zamewa ya tsaya a wuraren da piyano bai da maɓalli. Na taɓa zama kwana biyu ina rubuta wani kiɗan goge, da na buga abin da na rubuta sai ya fito kamar Bature na gaisuwa da Hausa, kalmomin duk daidai.

Saboda haka da na koma ga allo, layi biyu na ja maimakon biyar, na sama da na ƙasa. Muka ɗora baba uku a kai, kowanne da ɗigo biyu. Muka ɗora "sannu da zuwa", muka ɗora sunayensu ɗaya bayan ɗaya, kowa ya kaɗa nasa a jarka babba da ƙarama. Sai da suka ga da idonsu cewa ɗigon sama muryar sama ce, na ƙara layi na uku, a zango na uku muka kai biyar, ba wanda ya yi kuka. Wata yarinya ce ta tsayar da ni wata rana, ta ce, "Mushe, to yara fa? Ya ɗin ba sama yake ba, ba ƙasa ba, faɗowa yake." Gaskiyarta. A kalangu sai ka buga a matse ka saki hammata tun muryar ba ta mutu ba. Na ja ɗan karkataccen layi daga sama zuwa ƙasa, muka sa masa suna gangara.

Na kai wa Baba takardar ranar Lahadi, ina jin daɗi. Ya karɓa ya riƙe ta a juye, ya duba, ya mayar mini, ya miƙo kalangu ya ce in kaɗa masa abin da ke ciki. Na kaɗa. Ya ce baba biyu sun fito, na ukun kuwa har yanzu hammatata nauyi gare ta, in dawo mako mai zuwa, in kuma zo da goro.