Yadda koyar da haɗa injin ƙyanƙyasar ƙwai ke riƙe min aikin da nake bayarwa kyauta

Tambayar da aka fi yi min ita ce wai kai Malam in ka sa zanen na'urarka a intanet kowa ya ɗauka kyauta, to da me za ka ci? Ni ma ta hana ni barci a farko, don shekara biyu na yi ina haɗa ɗan bod, wato allon lantarki, mai kula da zafi da laima a injin ƙyanƙyasar ƙwai, duk daga aljihuna, in na ƙona Arduino ɗaya, wato 'yar kwamfutar da ke sarrafa bod ɗin, sai na jira ƙarshen wata kafin in sayi wani.

Dabarar ba tawa ba ce. A wajen mutanen Open Source Ecology na gani, waɗanda Marcin Jakubowski ya kafa, suna wata gona a Missouri ta Amurka suna son fitar da zanen injina 50 kyauta, har da tarakta da injin buga bulon ƙasa, kuma cikin hanyoyin da suke samun kuɗi akwai kiran mutane su biya su zo a haɗa injin tare. Na ce to ni tarakta ta fi ƙarfina, amma akwatin ƙwai fa?

Sai na fara horon da ake biya. Karon farko mutum 12 suka zo, Asabar da Lahadi, a wani aji da na ara a nan Kano. Kuma faɗuwa na yi. Na yanke kuɗin shiga wata guda kafin ranar, ban karɓi ko sisi ba, da na shiga Sabon Gari sayen kaya sai na tarar komai ya tashi saboda dala, ga kuɗin man janareta da ban sa a lissafi ba, alhali ayan shida na narka dalma ba za su jira a kawo wuta ba. Yanzu sai an ba da kafin alƙalami nake rubuta sunan mutum, a satin nake sayen kaya, kuma kuɗin kashi uku nake yi: na kaya, na wuri da abinci da yaran da ke taya ni, sai na ukun da ba na taɓawa sam sai don gwajin sabon zane. In ban ware shi a ranar ba wallahi cefane ne zai cinye shi.

Amma abin da ban zata ba, kuma shi ya fi kuɗin amfani a wajena, shi ne yadda hannun wanda bai iya ba yake tona asirin zane. Ni na haɗa bod ɗin nan ya fi sau ashirin ban taɓa juya wayar batir ba, saboda na san ja ina baƙi ina. Kafin azahar ta ranar farko bod uku sun yi hayaƙi. Wani yaro ya ɗago nasa yana wari, idonsa ya yi ja, ya ce Oga na ɓata maka kaya. Na ce a'a ƙanena, ba kai ba ne, soket ɗin da ke karɓar waya ta ko'ina shi ne mai laifi. Daren nan na buɗe KiCad, manhajar zana bod, na ƙara diyod na kariya mai hana wuta bi ta baya, na canza soket zuwa wanda ba ya shiga sai ta fuska ɗaya.

Sai wata Hajiya mai kiwon kaji da zabi a gida, ita ba ruwanta da Arduino, ƙwai ta sani. Ƙwan kaza kwana 21 ne a zafi wajen 37.5, ana daina juya shi a kwana na 18, haka na rubuta a manhajar na kulle. Ta ce Malam to ƙwan zabi fa, da yake kai kwana 26 zuwa 28, injinka zai daina juya min shi tun bai kai ba? Ban taɓa tunanin zabi ba, ni da na girma ina jin kukansu da damina! Ita ce kuma ta ce a watan Afrilu ɗakinta da kansa ya fi 37.5 zafi, don haka ba ɗumama ƙwai take buƙata da rana ba, sanyaya shi. Yawancin zanen da na koya daga gare su na ƙasashen sanyi ne, kullum tunaninsu ƙara zafi. Daga maganarta aka samu fanka ta biyu da maɓallin zaɓar kaza ko zabo. Na'urar auna zafi ma na bar DHT11 da ke iya kuskuren digiri 2 na koma DHT22, ta fi tsada amma ƙwai ba ya yafe digiri 2.

Mutum 12 sun yi yawa, yanzu 8 nake ɗauka, bibbiyu a tebur, kuma ƙananan kayan da ke wahalar liƙawa ni nake liƙa su tun a gida.

Akwai wanda ya zo horon ya koma garinsu yana haɗawa yana sayarwa, abokaina suka yi ta cewa ka gani ko, an kwashe maka wahala. Raina ya ɗan sosu ba zan ɓoye ba, amma ai don haka na sa zanen a shafin GitHub na intanet ƙarƙashin lasisin CERN na buɗaɗɗen zane, wanda ya ba kowa damar ya haɗa ya sayar. Bayan wata huɗu ya turo min hoto ta WhatsApp, ya sa tsohuwar motar lantarki mai motsa wayifar gilashin mota tana juya tiren ƙwai, abin da ake samu wajen kowane ɗan gwangwan, ta fi wadda nake saya arha nesa ba kusa ba. Ita nake gwadawa yanzu da kuɗin kashi na ukun nan, ƙwai 30 na ciki yau kwana 9, in sun fito lafiya da ita za mu yi horo na gaba bayan sallah in sha Allahu.