Awon tansiyon ɗin ido kafin a cire yanar ido da bayan an cire ta

Shagona na tabarau ne a nan Maradi, amma da yawa daga masu shigowa ba tabarau ke kawo su ba. Tsofaffi ne da aka yi wa aikin yanar ido, jikoki na riƙe da hannunsu, daga Tibiri, Madarunfa, Gidan Rumji, wasu har daga Dakwaro. Ni ba na fiɗa, wannan aikin lokotoro ne. Nawa awo ne, kuma da awon nake gane idon da zai ba da wahala tun ba a taɓa shi ba.

Ido yana yin ruwa a cikinsa dare da rana, ruwan yana fita ta wata ƴar magudana a gefen baƙin ido. In hanyar ta ƙuntata sai ruwan ya taru, tansiyon ya hau, wato hawan jinin ido, jijiyar gani ta yi ta mutuwa, kuma abin da ya mutu ba ya dawowa. Lafiyayyen ido yana tsakanin 10 da 21 a ma'auni.

Maigidana da ya koya mini, Allah ya jiƙansa, a Bamako ya yi karatun ido. Da tsohon ma'aunin Schiotz muka fara, wanda ake kwantar da mutum rigingine, a ɗiga maganin kashe zafi, a ɗora ƙarfen a kan ido da ɗan nauyinsa na giram 5,5, sannan a duba lambar a takarda. Kafin ya bar ni in taɓa ƙarfen sai da ya sa na yi ta latsa rufaffen ido da yatsu biyu, har hannuna ya san mai laushi da mai tauri. "Yaro, rubuta lambar kafin aiki," kullum maganarsa ke nan. "In ba ka san inda ido ya taso ba, ina za ka san ya hau?"

Hawan farko a ranar aikin yake zuwa. Akwai wani ruwa mai yauƙi da lokotoro ke sa wa a ido don ya kare shi lokacin fiɗa. In ɗan saura ya rage, yakan toshe magudana cikin ƴan awoyi, mutum ya kwana da ciwon kai, wani har da amai. Yawanci yana sauka cikin kwana ɗaya zuwa uku. Amma mai hawan jinin ido tun da can, ko wanda na haska fitila na ga farin gari kamar amosani a bakin ƙwayar idonsa, waɗannan ina rubuta wa lokotoro a takardarsu da jan biro, don jijiyarsu ba ta da sauran juriya.

Bayan watanni kuwa sau da yawa tansiyon sauka yake yi. Yanar tsoho tana kai kaurin milimita 4 zuwa 5, robar da ake maye gurbinta da ita kusan milimita 1 ce, sai wuri ya buɗe. Wanda lambarsa ta fi hawa kafin aiki, ko gaban idonsa ya matse, shi ya fi samun sauƙin. Sai dai ba na yarda kowa ya ajiye maganin hawan jinin idonsa don wannan.

Wanda ke ci mini rai shi ne hawa na biyu. Ana ba mai aiki maganin ɗigawa irin su dexamethasone don kumburi, na ƴan makonni. Wasu idanun ba sa shiri da shi, daga mako na 2 zuwa na 6 tansiyon ya riƙa hawa shiru, ba ciwo ba ja. Kwalba ta ƙare, maimakon a koma asibiti sai a aiki yaro wurin mai tebur a kasuwa ya sayo irinta, wadda ta wuni a rana. Wai tana sa ido fari! Mai tebur bai auna kowa ba, bai tambayi kowa ba. Haka zai miƙa magungunan sauke tansiyon ido ga wanda za su cutar, Diamox ga mai sikila, ko timolol ga mai asma, ya karɓi kuɗinsa.

Masu teburin ne kuma ke sa a zo ana yi mini ciniki. Ma'aunin da nake awo da shi yanzu iska yake hura wa ido. Wata tsohuwa ta ce, "Ɗana, iska kawai ka hura mini a ido, shi ne har da kuɗi?" Na ce, "Iya, iskar kyauta ce, lambar nake sayarwa." Ta yi dariya ta kwance bakin zane. Lambarta ta wuce 30 ranar, na rubuta mata takarda zuwa wurin lokotoro ba ta ko koma gida ba.

Duk wanda zai zo awo bayan aiki ya taho da takardar asibiti da kwalbar da yake ɗigawa, ko da ta ƙare, don sunan da ke jikinta nake son gani.