Ranar da aka ɗauke laftof ɗin shagon Kawu

Ni ɗan Maraɗi ne, shekara biyu kenan da na biyo ta Jibiya na sauka Zariya wajen kawuna, yana da shagon buga takardu a Samaru kusa da ƙofar ABU, aikinmu taipin da firintin ɗin furojet na ɗalibai. Farkon zuwana na sha dariya, in ce kabu-kabu a ce min acaba, in ce kile a ce filash, naira kuwa sai da na yi wata guda ina juya ta sefa a kaina kafin in ba da canji.

Wata Juma'a na ja ƙofa kawai ban sa kwaɗo ba, wai ai ga masallaci nan kusa. Ina dawowa babu laftof har caja, wallahi nan take cikina ya ɗuri ruwa. Kawu ko faɗa bai yi ba, cewa kawai ya yi, "Yaro, injin dai a sayi wani, aikin mutane fa?" Furojet ɗin ɗalibai huɗu na ciki, ɗaya ma saura kwana uku ta yi difens, ga hotunan katin NIN da fasfo na kwastomomi da muka yi sikanin, kuma ko faswod babu a kai. Wannan na ƙarshen ya fi hana ni barci, don amanar mutane ce. Kwana biyu muna tada janareta muna sake bugawa daga rubutun hannunta.

Da muka je kai rahoto aka ce mu kawo siriyal namba, sai muka hau kallon juna, ashe tana manne a ƙasan injin ba mu taɓa kwafa ba.

Tokumbon da muka saya yanzu lambarsa na cikin littafin bashi na Kawu, na sa faswod, na kunna BitLocker, wato manhajar da ke kulle duk bayanan da ke cikin injin, tunda Windows Pro ce, ko ɓarawo ya zare hadis ɗin, wato ma'ajiyar bayanan laftof, ba abin da zai karanta. Kullum bayan la'asar ina tura aikin ranar Google Drive, ma'ajiyar Google ta intanet, giga 15 suke bayarwa kyauta kuma takardu ba su da nauyi, data ce dai ke ci. Akwai kuma wani hadis na waje da ke kwana a gida Tudun Wada, ba ya shiga jaka ɗaya da laftof.

Ita jakar laftof ɗin ma na ajiye ta, a tsohuwar jakar makarantar ɗan Kawu nake sawa in rungume a keke napep. Har yau in an kira sallar Juma'a sai Kawu ya leƙo ya ce, "Bamaraɗe, kwaɗon fa?"