Abin da aikin tilasta bin dokokin gari ya koya mini game da ikon hukumar birni

Na yi shekaru ina aiki a sashen da ke kula da bin dokokin gari a wata hukumar birni, inda ake kawo ƙorafi kan zubar da shara ba bisa ƙa'ida ba, da toshe magudanar ruwa, da yin gini ba tare da izini ba, da kafa allon talla a inda bai dace ba, da ƙarar lasifika da tsakar dare. Yawancin masu kawo ƙorafi suna shigowa ne da yaƙinin cewa hukuma tana iya yin duk abin da ta ga dama, don haka ransu kan ɓaci idan muka ce sai an bi matakai. Abin da ba su sani ba shi ne ikon da ke hannun hukumar birni na aro ne, kuma duk ma'aikacin da ya manta da haka, kotu ce za ta tuna masa.

Shugaban sashenmu, dattijo ne da ya fara aiki tun a matsayin duba-gari, ba ya sa hannu a kan kowace takardar gargaɗi sai mun nuna masa sashen dokar da muka dogara da shi, sannan mu nuna masa dokar da ta ba majalisar birni damar yin waccan doka. Da farko abin yakan yi wa sabon ma'aikaci nauyi, amma daga baya yakan gane cewa sarƙa ce: kundin tsarin mulki yana ba jiha ko gwamnatin ƙasa iko, ita kuma ta yanko wani ɓangare ta miƙa wa birni, majalisar kansiloli ta zuba shi cikin dokar gari, sannan ya iso hannun jami'in da ke tsaye a ƙofar gidan mutum. Idan zobe ɗaya ya tsinke, aikin duka ya rushe.

Ƙasashe sun bambanta wajen yawan abin da suke yankowa. A Amurka, wani alƙali a jihar Iowa mai suna John Dillon ya kafa ƙa'ida a shekarar 1868 cewa birni ba shi da wani iko sai wanda jiha ta ba shi a fili, ko wanda ba makawa sai da shi za a aiwatar da wanda aka bayar, kuma idan aka yi shakka, to birni ne zai rasa. Wasu jihohin sun sassauta wannan daga baya ta hanyar ba birane damar rubuta kundin mulkin kansu. A Ingila kuwa, dokar da aka yi a 2011 ta juya lamarin, ta ba ƙananan hukumomi damar yin duk abin da mutum zai iya yi matuƙar wata doka ba ta hana ba. Kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya bi wata hanyar, ya jera ayyukan ƙananan hukumomi a Jadawali na Huɗu, irin su kwashe shara, da kula da kasuwanni da tashoshin mota, da raɗa wa tituna suna, da lura da tallace-tallacen waje. Ko'ina dai, birni ba ya ba wa kansa iko.

Ita kanta dokar gari tana da nata sharuɗɗa. Sai an gabatar da ƙudirin a majalisa, an tattauna, an amince, an sa hannu, an kuma wallafa ta yadda jama'a za su iya saninta. Na ga shari'ar da hukuma ta sha kaye a cikinta alhali laifin a bayyane yake, saboda kawai lauyan wanda ake ƙara ya nuna cewa gyaran da aka yi wa dokar ba a taɓa wallafa shi ba. Bayan wannan, dole dokar ta kasance mai ma'ana. Wata kotu a Ingila ta yi bayanin haka a 1898, lokacin da take duba dokar gundumar Kent da ta hana waƙa ko kiɗa a kan titi kusa da gidan mutane bayan an nemi a daina. Kotun ta bar dokar, amma ta ce za a iya soke dokar gari idan tana nuna bambanci tsakanin jama'a, ko zaluncinta ya fito fili, ko an yi ta da mugun nufi.

A aikace, ga yadda muke yi. Idan ƙorafi ya shigo, sai a rubuta shi a rajista, a tura jami'i ya gani da idonsa, ya ɗauki hoto, ya rubuta rana da lokaci. Idan ya tabbatar an saɓa doka, ba tara ake fara ci ba, takardar gargaɗi ake bayarwa, wadda dole ta faɗi sashen da aka saɓa, da abin da ake so a gyara, da wa'adin da aka bayar, da inda mutum zai kai kukansa idan bai yarda ba. Bayan wa'adi ya cika a sake komawa. A nan ne mafi yawan matsaloli suke ƙarewa, domin mutane da dama ba su ma san akwai dokar ba, kuma da zarar an yi musu bayani cikin mutunci sai su gyara. Wanda ya ƙi shi ake aika wa sammaci, kuma daga wannan lokaci jami'i ya zama shaida kawai, hukunci na alƙali ne. Idan akwai haɗari ga rayuwa, kamar bangon da ke shirin faɗowa kan masu wucewa, dokoki da yawa suna ba hukuma damar gyarawa da kanta ta nemi mai wurin ya biya, amma ko a nan sai an ajiye shaidar abin da ya sa aka yi gaggawa.

Shiga gidan mutum shi ne wurin da na fi jan kunnen sababbin ma'aikata a kai. Katin shaidar aiki ba izinin shiga ba ne. A 1967 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukunci a shari'ar wani mazaunin San Faransisko da ya hana mai duba gidaje shiga wurinsa, ta ce idan mai gida ya ƙi, sai an samo takardar izini daga kotu, sai fa in akwai gaggawa. Dokar kowace ƙasa da irin nata tanadin, amma ni na ɗauki wannan a matsayin ma'auni: a yi sallama, a faɗi abin da ya kawo mu, idan an ƙi mu koma ta hanyar kotu.

Abin da ya fi damuna a aikin bai shafi rashin iko ba, ya shafi zaɓen wanda za a yi amfani da ikon a kansa. Tun da ma'aikata ba su da yawa, ƙorafi ne ke jan ƙafarmu, shi kuwa ƙorafi ya fi fitowa daga waɗanda suka san hanyar ofis, wani lokaci ma daga maƙwabcin da ke da tsohuwar gaba. Sai ka ga an matsa wa mai ƙaramin shago a kan rumfar da ta shigo hanya, alhali katafaren ginin da ke kusa da shi ya cinye fiye da haka ba wanda ya tanka, ga kuma wayar da kan shigo daga sama ana neman a ɗaga wa wani ƙafa. Dabarar da ta taimake mu ita ce duba titi gaba ɗaya duk lokacin da ƙorafi ya kai mu gida ɗaya, da kuma neman duk mai ba da umarnin a janye takarda ya rubuta shi ya sa hannu. Kaɗan ne suke yarda su rubuta.

Haɗarin da ya fi wannan shi ne a mayar da tara hanyar samun kuɗin shiga. Rahoton da Ma'aikatar Shari'a ta Amurka ta fitar a watan Maris na 2015 kan garin Ferguson na jihar Missouri ya nuna yadda shugabannin garin suka riƙa matsa wa 'yan sanda da kotun gari su tara kuɗi ta hanyar cin tara, har talakawa suka riƙa shiga komar kamu saboda ƙananan laifuka da suka kasa biya. Duk lokacin da aka tambaye ni a taro nawa sashenmu ya tara, nakan kawo adadin magudanun da aka buɗe da gine-ginen da aka gyara, domin idan aka ɗora wa jami'i adadin kuɗin da zai kawo a wata, ba zai ƙara son mutane su gyara ba.

Wanda aka miƙa wa takardar gargaɗi kuma, ina ba shi shawara kada ya yaga ta, kada ya nemi sasantawa a bakin ƙofa. Ya karanta sashen da aka ambata, ya nemi kwafin dokar a ofis, ya rubuta neman ƙarin lokaci kafin wa'adi ya cika idan gyaran ya fi ƙarfinsa, ya ajiye hoton abin da ya gyara, kuma kada ya biya ko sisi ba tare da rasit mai hatimin hukuma ba.