Tarihin Rayuwata: Labarin Auta, Kashi na 6

Makon jiya mun tsaya a ranar da gwajin kunne ya nuna Auta yana ji garau, likitan yara kuma ya ce lalurar otizim ce, wadda kafafen labarai ke kira galahanga, lalurar da ke shafar yadda yaro ke magana da mu'amala da mutane. Yana ɗan shekara 4 a lokacin. Yau za mu shiga shekararsa ta 7, shekarar da dangi da maƙwabta a unguwarsu ta Jahun a Bauchi suka yanke masa hukunci sau biyu, kuma ba su dace ba ko sau ɗaya.

Na farko daga kakarsa ya fito. Ta kira shi sau uku yana zaune yana jera marafen kwalba, bai ɗago ba. Ta juya wajen surukarta ta ce, "Ke 'yar nan, ki daina zubar da kuɗin makaranta. Yaron da bai san sunansa ba, me zai koyo?" Mahaifiyar ta sunkuyar da kai ta ce, "Hajiya, ya sani, amsawar ce ke masa wuya."

Gaskiyarta kuwa. Fahimtar magana daban, fitar da ita daban, kuma a wajen irin su Auta tazarar da ke tsakani tana da faɗi. Kowane gida zai iya gwadawa. A kashe rediyo, a jira janaretan maƙwabta ya yi shiru. Mutum ɗaya ya durƙusa daidai tsayin yaron, ya faɗi kalma biyu kacal: "Auta, takalmi." Kada ya nuna da yatsa. Sai ya ƙirga goma a zuci. Abin da ke ɓata gwajin shi ne gajen haƙuri: kafin yaron ya gama warware kalmomin farko an sake cewa "ɗauko takalminka mana," wata ta ƙara da "ba ka ji ne?" Kowace sabuwar jimla sabon aiki ce, dole ya koma farko. Da aka yi shiru aka jira, a ƙirga ta bakwai Auta ya miƙe ya ɗauko takalmin.

Hukunci na biyu ya fi daɗin ji, amma ya fi ja masa wahala. Malamin Islamiyya ya ji shi a bayan aji yana karatu shi kaɗai, ya saurara, sai ga shi ya taso daga Nasi ya wuce Sabbi har Amma, izu biyu cur, da irin muryar makarancin da ake kunnawa a wayar mahaifinsa, har wurin da yake jan numfashi. Kafin Juma'a labari ya zaga. Kawunsa ya zo takanas ya ce, "Yaya, ai irinsu baiwa gare su. A Turai su ne injiniyoyin kwamfuta. Ki bar shi, ba ya buƙatar wani malami na musamman."

Wannan yaro mai izu biyu, in ƙishirwa ta kama shi, ba ya iya cewa ruwa yake so. Sai ya tsaya gindin randa ya ce, "Za ka sha ruwa?" domin jimlar da yake ji ke nan duk lokacin da aka miƙo masa kofi. Ya haɗiye ta dunƙule, yana mayar da ita dunƙule. Likita Leo Kanner, wanda ya bayyana lalurar a 1943 a birnin Baltimore na Amurka bayan nazarin yara 11, ya rubuta abubuwan nan biyu tare: ƙarfin hadda, da kiran kai da "kai" a maimakon "ni". Kunnen da ke riƙe sauti yadda ya zo shi ne ya ba Auta hadda. Ƙera sabuwar jimla don biyan buƙata wani aiki ne na daban, kuma sai an koya masa.

Akwai masu baiwa ta ban mamaki, ba a musu. Stephen Wiltshire na Landan yana leƙa birni daga jirgi mai saukar ungulu ya zo ya zana shi da ka. Temple Grandin, wadda ba ta yi magana ba sai da ta haura shekara 3, ta zama farfesar kimiyyar dabbobi a Jami'ar Jihar Colorado. Amma irinsu 'yan tsiraru ne, su ɗin ma sai da aka sha aiki a kansu tun suna ƙanana. Hukumar Lafiya ta Duniya ta taɓa ƙiyasta cewa kusan yaro 1 cikin 100 na da lalurar, ta kuma ce wasu suna girma su riƙe kansu, wasu kuma suna buƙatar kulawa har ƙarshen rayuwa. Yawanci suna tsakanin nan ne, gaba a wani abu, baya a wani.

Abin da ke ƙona rai shi ne yadda yabon ya koma bulala. Da ana cewa bai san komai ba, ana ƙyale shi. Yanzu da ya zama mai izu biyu, in ya kasa yin alwala sai a ce taurin kai ne, ya iya, rainin hankali ne kawai. Har duka ya sha a kan abin da ba a taɓa koya masa ta hanyar da zai ɗauka ba.

Malamar yara masu buƙata ta musamman da ta karɓe shi daga baya ta fara ne da takarda mai layi uku: abin da yake yi shi kaɗai, abin da yake yi da taimako, abin da bai fara ba. Ba a rubuta "yana da ƙwaƙwalwa" ko "ba shi da ita". Aiki ake rubutawa: saka riga, ɓalle maɓalli, neman ruwa, tsallaka titi. Alwala ta faɗa layi na uku.

Aka raba ta gida takwas: hannu, baki, hanci, fuska, damtse, kai, kunne, ƙafa. Aka ɗauki hoton kowanne da waya, da hannun Auta da butarsa, aka wanke hotunan, aka rufe su da leda saboda ruwa, aka manna a bango daidai idonsa. Daga ƙarshe ake fara koyarwa. Babba ya tsaya a bayansa, ya ɗora hannu a kan nasa su yi bakwai na farko tare, a bar masa wankin ƙafa. Dalili shi ne yaro ya ɗanɗani kammalawa, yabo ko ɗan dabino ya biyo baya nan take, ba bayan minti biyar ba. In ya yi shi kaɗai kwana uku a jere, a sakar masa kunne da ƙafa. Taimakon ma ja da baya yake yi: daga tafin hannu zuwa wuyan hannu, zuwa gwiwar hannu, zuwa taɓa kafaɗa, zuwa nuna hoto. Wanda ya manta da janyewa zai tarar da yaro yana miƙo hannu yana jira har abada.

Sau biyu aikin ya rushe. Da hunturu ya shigo, Auta ya dinga ihu da ganin buta, aka ɗauka ya koma gidan jiya. Ashe sanyin ruwa ne, wanda fatarsa ke ji fiye da yadda muke ji. Aka sirka da ruwan zafi, ihu ya tsaya. Shaƙa ruwa a hanci kuwa sai da aka fara da jiƙaƙƙen yatsa na tsawon makonni.

Na biyu ya fi ɗaure wa iyaye kai. Shuɗiyar butarsa ta fashe, aka sayo koriya a kasuwar Wunti, sai ya tsaya ƙiƙam kamar bai taɓa ganin alwala ba. A wajensa launin butar yana cikin darasin. Tun da wuri ya kamata a riƙa sauya abu ɗaya a lokaci guda: yau wata buta, jibi wani gefen tsakar gida, wani mako mahaifi a madadin uwa. Aka koma baya aka yi hakan.

Bayan wata biyar, wata La'asar, Auta ya durƙusa a ƙofar masallacin unguwa da butar da bai taɓa riƙewa ba, ya yi takwas ɗin a jere, ya tsallake kunnen hagu, ya dawo ya shafa. Kakarsa ba ta gani ba, mahaifinsa ne ya je ya ba ta labari.

Mako mai zuwa za mu kawo yadda aka koya masa neman ruwa da katin hoto, da fargabar mahaifiyarsa cewa katin zai hana shi magana.