Wutar da ta dawo ita ke ƙona kaya

Ƙannena masu shirin aure ko kama haya a Damagaram, na san lissafin da kuke yi: tele, firigo, fanka, mai hali ya ƙara da kilim. Da wuya a samu wanda ya sa kuɗin kare waɗannan kaya cikin lissafinsa. Ni ma ban sa ba lokacin da nake kamar ku, kuma abin da na zuba wajen masu gyara ya fi kuɗin kariyar nesa ba kusa ba. Ina so ku san yadda wuta ke kashe kaya tun kafin ku ɗauki kuɗinku ku nufi kasuwar Dole.

Wutar gidajenmu volt 220 ce, kuma a kan haka aka ƙera kayan da muke saye. Tafiyarta tana da nisa, don wani babban kaso nata daga Najeriya yake shigowa, ta layin da ya taso daga Katsina ya bi ta Gazawa. Kowa ya ga haka a watan Agusta na 2023 da aka katse ta daga can, aka koma rabon wuta unguwa-unguwa. Mutane sun fi kuka da ɗaukewa, amma ɗaukewa ba ta cika ɓarna ba. Ɓarnar tana wajen dawowa. A daƙiƙar da aka maido wuta, duk firigo da fanka da injin niƙa na unguwa suna tashi lokaci guda, ƙarfinta ya yi sama ya yi ƙasa kafin ya zauna, wani lokaci ma ta ɗauke ta sake dawowa nan take.

Wannan ɗaukewa da dawowa nan take ce ta ci mana firigon da iyalina ke sana'ar ƙanƙara da lamurje da shi, ana cikin azumi, lokacin da ciniki ya fi tafiya. Na bar shi jone dare da rana, a ganina hakan ne zai sa ya kama wuta da zarar ta zo. Mai gyaran da ya duba shi, dattijo ne, ya ce mini: «Ɗana, injin firigo in ya tsaya sai ya huta. Iskar da ke cikinsa a matse take. In ka tashe shi nan take, yunƙuri zai yi ya kasa juyawa, ya yi ta jan wuta har wayar cikinsa ta dahu.» Minti uku zuwa biyar yake bukata matsin ya sauka. Akwai ƴar na'ura da ake sawa tsakanin piriz da firigo, aikinta ta riƙe wuta na waɗannan mintoci bayan ta dawo, ta kuma yanke ta in ta yi yawa ko ta yi kaɗan. Kuɗinta bai kama ƙafar kuɗin sabon inji ba. Ku saye ta ranar da kuka sayi firigon, a shago ɗaya, kafin a ɗora shi a amalanke.

Bayan wannan asara na sayi regilater, wato na'urar daidaita ƙarfin wuta, na kwantar da hankalina cewa an gama. A nan na yi kuskure na biyu, wanda nake ganin matasa da yawa suna maimaitawa. Regilater yana da amfani sosai, musamman a watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, kowa ya kunna abin sanyi, wuta ta yi rauni har fanka ta riƙa juyawa da ƙyar. Raunin nan yana cutar da duk abin da ke da inji, don injin yakan ƙara jan wuta ya yi zafi. Regilater yana ɗaga mai rauni, ya sauke wadda ta ɗan yi yawa. Iyakarsa ke nan. Bugun tsawa ya fi shi sauri, kuma in wuta ta wuce iyakar da aka rubuta a jikinsa, shi ma kansa yana iya ƙonewa. Ku kuma lura da girmansa. Firigo yana jan ninkin wutarsa sau da yawa a lokacin tashi, don haka ku duba wat ɗin da ke rubuce a bayansa, ku nemi regilater da ya ninka shi akalla sau uku. Kar ku jona masa dutsen guga ko abin dafa ruwa.

Abin da ya fi ba ni tsoro, wanda kuma ba a cika maganarsa ba, shi ne tsinkewar wayar nutur. Ku ɗaga kai ku dubi layin unguwa. Daga taransifoma wayoyi uku ne ke ɗauke da wuta, ta huɗu ita ce nutur. Gidanka yana kan ɗaya daga cikin ukun tare da nutur, shi ne kake samun 220. Tsakanin biyu daga cikin ukun nan kuwa volt 380 ne. In nutur ta tsinke, ko ta yi sako-sako a kan fal, ko ta ci tsatsa a wajen haɗi, sai gidajen da ke kan wayoyi daban-daban su raba 380 ɗin nan tsakaninsu, kuma ba rabon adalci ake yi ba. Gidan da ya kunna kaya kaɗan shi ke kwasar kaso mai yawa. Alamarta a fili take: ƙwan fitila ya yi haske fiye da kima, fanka ta riƙa gudu kamar za ta tsinke, maƙwabcinka kuma yana cewa tasa ta yi rauni. Daren da ta same mu, na ga hasken na ɗauka wuta ce ta yi kyau. Na tsaya ina kallo har ƙauri ya tashi. Tele da dikoda da cajar salula duk suka tafi a zama ɗaya. In kun ga wannan alama kar ku tsaya zare kaya ɗaya-ɗaya. Ku tafi kai tsaye ku sauke babban dijonkter, wato makunnin da ke yanke wutar gida gaba ɗaya, ku faɗa wa maƙwabta, a kira ma'aikatan wuta. Kada kowa ya hau fal da kansa, kada kuma a ɗauko yaron unguwa ya hau.

Za ku ce ai dijonkter na nan, me ya hana shi faɗuwa? Ba aikinsa ba ne. Shi yana faɗuwa ne in an ɗora masa kaya fiye da ƙarfinsa ko wayoyi sun haɗu. Hauhawar volt ba ta dame shi ba. Abin da ke wannan aiki wata ƴar na'ura ce da ake ɗaurawa bayan kwanter, a cikin akwatin rabon wutar gida, mai nuna lambar volt a fuskarta. Ana saita mata iyaka ta sama da ta ƙasa, in wuta ta ƙetare sai ta yanke gidan gaba ɗaya, ta jira ta daidaita kafin ta maido. A ganina, in mutum abu ɗaya kawai zai iya saye don gidansa, wannan ya kamata ya fara saye. Ƙwararren mai aikin wuta zai ɗaura ta, ba kai ba.

Sai maganar wayar ƙasa, wato wadda ake haɗawa da sandar ƙarfe da aka kafa a cikin ƙasa. Gidaje da yawa a Birni da Zango da Garin Malam, musamman tsofaffi, waya biyu kawai aka ja musu. A wasu sababbin ma za ka ga piriz mai wurin wayar ƙasa, in an buɗe ba komai a bayansa. Ralonj, wato wayar ƙari mai piriz da yawa, irin mai kariyar bugun wuta da ƴar fitila, yana bukatar hanyar da zai zubar da bugun zuwa ƙasa, in babu ita aikinsa ragagge ne. Garinmu kuma kan duwatsu yake zaune, ƙasar busasshiya ce mafi yawan shekara, busasshiyar ƙasa kuwa ba ta karɓar wuta da kyau. Saboda haka soka guntun rodi a gindin bango ba ya wadatarwa. A kafa sandar da aka yi don wannan aiki, ta nutse sosai, a wurin da ke samun danshi, mai aikin kuma ya auna da na'urarsa a gabanka. Shi ma ralonj ɗin tsufa yake yi, kowane bugu da ya tare yana rage masa ƙarfi. In fitilar kariyarsa ta mutu, ko kun san ya sha babban bugu, ku sake shi ko da yana ba da wuta.

Da damina, in hadari ya haɗo daga gabas, iska ta fara tado ƙura, lokacin zare kaya ya yi. Kashe tele da rimot ba ya raba ta da wuta. A zare filoginta daga bango, a kwance wayar da ta sauko daga parabol, don tsawa tana bin ta nan ma. Ku yi haka kafin a fara tsawa, ba a tsakiyarta ba.

Masu gurup, wato injin ba da wuta, ku sa a ɗaura muku makunnin da ke raba wutar gari da ta inji. Jona gurup kai tsaye a piriz yana tura wuta kan layi, yana iya kashe ma'aikacin da ke gyara a kan fal yana zaton babu wuta. Ku tashi injin ba kaya a kansa, ya daidaita, sannan ku ɗora. In za ku kashe, ku sauke kayan tukuna, kuma kar ku bari mai ya ƙare masa yana ɗauke da su, don shure-shuren da yake yi a ƙarshe yana taɓa tele da kwamfuta.

Wanda ke gidan haya, ba lallai maigidan ya yarda a taɓa akwatin wutarsa ba. Ku yi masa magana cikin ladabi, ku nuna masa cewa wayoyin gidansa ma za su tsira, in ya so a cire kuɗin daga na haya. In bai yarda ba, ku sa wa firigo da tele kowanne tasa ƴar na'urar a piriz. Sannan ku koya wa matanku da ƙannenku da yaran gida, don su ne ke gida da rana: da an ɗauke wuta a zare firigo da tele da caja, a bar ƙwan fitila ɗaya a kunne. In ya kama, a duba haskensa na ƴan mintoci. In ya zauna daidai, bai yi ja ba bai yi fau ba, a fara maida fanka, sai tele, firigo ya zo a ƙarshe.